Ƙarfen da Manu Bai Gane Ba

Manu ya sake tsoma hannu cikin ƙwaryar kananzir, ya zaro wani ƙarfe, ya goge shi da tsumma.

"Wannan na birki ne, Baba. Ajiye shi dama."

Ɗantsoho ya karɓa ya ajiye a kan tabarma. Tun hantsi suke haka a ƙofar maƙerarsa da ke Gumel, Manu na faɗin sunan ƙarfe, shi yana jerawa. Motar kuwa tana gindin tsamiya, ba taya, ba rufi, tsatsa ta cinye ta. Ta wani Bature ce mai sayen gyaɗa. Ta kife a hanyar Gagarawa shekarun baya, aka bar ta can awaki na kwana a ƙarƙashinta. Bana wani falke na Maigatari ya saye ta, ya sa takarkarai suka jawo ta, ya ɗauko Manu makaniki daga Kano. Duk abin da ya karye, Ɗantsoho ne zai ƙera.

Manu baƙo ne, bai san abin da kowa ya sani a garin ba: wanda ya mutu a motar nan Haladu ne, ɗan farin Ɗantsoho. Ranar da yaron ya bar zugazugi ya bi Bature koyon tuƙi, uban ya faɗa masa a gaban jama'a cewa ya zubar da gadon gidansu. Ba su ƙara magana ba har aka kawo gawarsa. Larai, uwar yaron, ta roƙi mijin kada ya karɓi aikin nan. Ya karɓa, shi kansa bai san dalili ba.

Bayan azahar Manu ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe mai huda biyu. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ikon Allah. Ban taɓa ganin irinsa a mota ba."

Ya gwada shi a inji, bai zauna ba. Ya gwada wajen sitiyari, haka. Sai ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe, sannan ya fito da wani guntun ƙarfe a ɗaya hannun.

"Na gano, Baba. Su biyu ne, suna riƙe da ƙafafun gaba. Wannan guntun na Turai ne, shi ya karye ya kifar da motar. Wancan kuwa da hannu aka ƙera shi, ko tsagewa bai yi ba."

Ɗantsoho ya karɓi lanƙwasasshen, ya bi shi da babban yatsa. An ninka ƙarfen, an haɗa bakinsa ta ciki, yadda ake haɗa gatari a gidansu. Ubansa ne ya koya masa wannan haɗin, shi kuma mutum ɗaya ya koya wa. Amma a daidai lanƙwasar akwai wani kauri da aka bari da gangan, dabarar da shi bai taɓa sani ba.

"Wanda ya yi wannan gwani ne," in ji Manu. "Ko ka san shi? Da ya ƙera mana ɗan'uwan ƙarfen nan."

"Na san shi. Ya rasu."

"Ayya. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Tsohon ya ɗora ƙarfen a cinyarsa. Daga cikin gida ana jin dakan Larai. Ya yi kamar zai shiga, sai ya fasa, ya tashi ya zuba gawayi.

"Zo ka zuga mini wuta, ɗana."

Na farkon da ya ƙera ya tsage a lanƙwasa tun kafin ya huce. Ya jefar da shi gefe, ya share idonsa da bakin riga, ya sa wani a wuta.

"Matso mini da wancan na motar kusa," ya ce, "in ƙara ganin yadda maƙerinsa ya yi."