Kujera Ɗaya, 'Ya'ya Biyu

Ranar jarrabawar shiga sakandare na kai 'yan biyuna, kowacce da fensirinta a fiƙe. Malamin da ke bakin ƙofa ya duba kwamfuta, ya ba babbar lambar kujera, ya ce ƙaramar ba ta ciki.

"Ba ta ciki kamar yaya? Ga ta a gabanka."

"Baiwar Allah, 'ya ɗaya na gani a ƙarƙashin sunanki."

Raina ya ɓaci, don na san mai wannan aika-aika. Autanmu ne ya rubuta wa makarantar manhajar rajista, har yana yi mana iyayi da ita a gida. Na kira shi, ya iso a guje, maɓallan rigarsa a karkace.

Ya tsuguna a baranda, kwamfuta a cinya, yana gumi yana bayani. Wai a rumbun bayanai iyaye teburinsu daban, yara nasu daban, kowane yaro an ɗaure shi da lambar mahaifiyarsa. Don kada a shigar da yaro sau biyu, sai ya ce wa manhajar duk yaran da uwarsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, mutum ɗaya ne, ta riƙe na farko ta watsar da kwafin.

"Yaya, kamata ya yi in bambanta su da lambar kowane yaro. Wallahi ban kawo 'yan biyu a raina ba."

"Ba ka kawo su a ranka ba? Kai da ka yi ta goyonsu, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa?"

Ji nake kamar in kwaɗa masa kwamfutar a ka. Yarinyar nan ta daina wasa, ta daina kallo, kullum tana kan littafi.

Ya gyara, sunanta ya fito. Amma an riga an rufe ƙofa an raba takardu, malamin ya ce doka ce, sai baɗi. Ta taga ina hango babbar, ta kasa rubutu, sai waige take yi.

Ƙaramar ba ta yi kuka ba. Ta matso kusa da shi, fensirin na hannunta har yanzu.

"Kawu," ta ce, "ni ce kwafin?"