Gadar Malam Abdulwahabu

Shekara talatin da ɗaya Malam Abdulwahabu ya yi yana gyaran layukan tarho a Sakkwato kafin ya yi ritaya. Tun daga nan babu wata waya da ya damu da ita sai kiran ranar Juma'a. Autarsa Kausar ta bi mijinta Junaid wata ƙasa ta gabas, inda yake karatun likitan ƙashi, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan kira su ta bidiyo. Shi da matarsa Iyatu sukan zauna kan tabarma ɗaya a gidansu na Unguwar Rogo, su jingina wayar da buta, kowa na ture kafaɗar ɗan'uwansa don fuskarsa ta fito.

Cikinta na wata takwas rikici ya ɓarke a ƙasar. Hukuma ta toshe manhajojin hira, kiran waya daga waje ma ya daina shiga. Saƙonta na ƙarshe gajere ne: "Baba, an rufe kusan komai. Mutane na fita ta Tor, amma ita ma ana ta toshe ƙofofinta. Muna lafiya. Ku sa mu a addu'a."

Ya karanta ya fi sau ashirin. Washegari da hantsi ya hau kabu-kabu zuwa Ƙofar Taramniya, shagon kwamfuta na Jelani, wanda ya koyi aiki a hannunsa tun zamanin hawa turken waya, yanzu kuwa shi ma furfura ta fara cin gemunsa.

"Jelani, mi at Tor?" ya tambaya, tun kafin su gama gaisawa.

Jelani ya ba shi kujera, ya ɗauko ambulan uku daga aljihun tebur, ya sa ƙarami cikin matsakaici, matsakaici cikin babba.

"Malam, ka ɗauka wasiƙa ta, cikin ambulan ukku. Hannu ukku taka bi. Na hwarko ya san wanda ya ba shi, amma bai san inda za ta ba. Na ƙarshe ya san inda za ta, bai san wanda ya aiko ba. Kowa ambulan guda shika buɗewa. Masu sa kai ne ko'ina cikin duniya ka riƙe da injunan."

"To, in an toshe hwa?"

"Ƙofofin da kowa ya sani aka toshewa. Akwai waɗanda ba a rubuta cikin jerin da kowa ka gani ba, su aka ce ma gada. Kaɗan-kaɗan aka raba adireshinsu."

Malam Abdulwahabu ya juya ambulan ɗin a hannunsa. Sannan ya ce, "Mutum irina shina iya gina gadar?"

Layin intanet ɗin shagon mai ƙarfi ne, kuma akwai sola a kan rufi. Jelani ya zaro wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin kanta, ya hure ƙurarta, ya yini yana haɗa ta. Kafin la'asar gada ta tashi. Suka tura wa Kausar adireshin ta imel da ta saƙon waya, suka tura wa Junaid ma. Babu alamar ko ɗaya ya isa.

Daga ranar Malam ya koma kamar mai zuwa aiki. Yakan karya, ya sa hularsa, ya tafi shagon, ya zauna kusa da injin a lungun da fanka ba ta kaiwa sosai. Sau ɗaya a yini injin ke fitar da ƙidayar waɗanda suka bi ta kansa, kowace ƙasa da haruffa biyu na sunanta. Kwana biyar babu haruffan da yake jira. A rana ta shida suka fito, da lamba takwas a gefensu.

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Takwas, Jelani! Mutum takwas!"

"Ko guda, Malam," in ji Jelani a hankali. "Da gangan anka yi ta hakanan. In mutum guda ya shigo, takwas taka rubutawa. In takwas ne, takwas. Don kada a gane kowa."

Da ya koma gida ya gaya wa Iyatu. Ta ajiye tankaɗen da take yi, ta share hannu a zane.

"Kausar tana cikinsu?"

"Ban sani ba."

"Kai da injin naka ne ba ka sani ba? Mi ar ranarshi to?"

Ta koma kan rariyarta, ya ga tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. A lissafinta, satin nan ne Kausar za ta haihu. Ta yi dakan yajin jego ta zuba a kwalba, ta ajiye a kan kabad, ba wanda za ta ba ya kai.

Lambar ta tashi zuwa goma sha shida, ta kai arba'in, wata rana ta sauko. Wata Talata da shagon ya yi shiru, Malam ya matso da kujerarsa kusa da Jelani, ya rage murya.

"Lokacin da muka aiki, in na hau turke na maƙala tarhona, duk maganar da aka yi bisa layi ina jinta. Ban taɓa tsayawa saurare ba, Allah shaida. Amma yau ina roƙonka. Leƙa mini cikin injin sau guda. Ba sai na ji mi tac ce ba. In san dai Kausar ta wuce."

Jelani ya nuna injin. "Abin da ke ciki ba ya buɗuwa, ko ni ko wani. Lambar layin da mutum ya shigo da shi, in na so ina iya sa injin shi ajiye. Ba ta gaya maka suna. Amma ranar da ta hwaɗa hannun da bai kamata ba, tana iya kai su ƙohwar gidan wani. Wataƙila gidan Kausar. Ka ce in yi, Malam?"

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. "Bari," ya ce. "Kada ka yi."

Bazara ta kai tsakiya, kwanon rufin shagon na ƙara don zafi. Wata rana da azahar injin ya mutu. Fankar cikinsa ce ta tsaya, kuma Jelani ya tafi Wamakko ɗaurin aure. Malam ya koma gida cikin ranar nan ya ɗauko tsohuwar jakar kayan aikinsa, wadda rabon da ya buɗe ta shekara goma sha biyu. Idonsa ba ya gani sosai, amma ya ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta, ya liƙa wayoyin da dalma. Duk tsawon awa ukun nan tunaninsa ɗaya ne, kada a ce yanzu ne Kausar ta ƙwanƙwasa ta tarar a rufe. Da injin ya tashi sai ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, rigarsa sharkaf da gumi.

Ranar kwana talatin da tara da tashin gadar, yana zaune a lungunsa da hantsi, sai ya ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin shagon. Iyatu ta sauko, takalmanta ƙafa ɗaya nata ɗaya nasa na alwala, waya a damƙe a ƙirjinta.

"Saƙon murya ne," ta ce. "Ban buɗe ba. Ban iya saurare ni ɗai."

Jelani ya kashe rediyo. Muryar Kausar ta fito, a gajiye, da ɗan kuka siriri a bayanta.

"Inna, Baba, ni ce. Muna lahiya. Na sauka yau kwana goma sha tara, mace. Junaid ya yi mata huɗuba da sunan Inna na yanka, Halimatussa'adiyya. Mu huɗu munka yi suna, da maƙwabciyarmu da mijinta. Inna, ba wanda ya dama mini kunun kanwa. Kullum ina..." Ta tsaya ta ja hanci. "Layin ba ya daɗewa. Ina kewarku."

Iyatu ta zauna kan bencin masu jiran hoto ta rufe fuska da mayafi. Malam ya ga alamar har yanzu Kausar na kan layi. Da yatsa ɗaya ya rubuta barka da addu'a, sannan ya kasa daurewa ya ƙara: "Ta gadata kika shigo? Na aiko maki adireshi."

Amsa ta zo nan take. "Wace gada, Baba? Ban ga saƙonka ba. Maƙwabciyata ta kwafo mini wani adireshi a takarda daga asibitinsu. Ba mu san ko na wane ne ba. Ga hoton jaririyar nan."

Ya karanta, ya miƙa wa Jelani ya karanta. Malam ya waiga ya dubi injin da fankarsa ta aro ke ta juyawa.

"Mutum talatin da biyu ta nuna jiya daga can," in ji Jelani. "In kashe?"

"Wa ya ce ka kashe?"

Hoton ya fara sauka. Da'irar ta yi rabi ta tsaya. Suka jira, Jelani ya ɗauki wayar ya haɗa ta da layin shagon, ya fita da ita bakin titi ya dawo. Alamar Kausar ta ɓace. Abin da ya rage a fuskar wayar dishi-dishi ne, wani fari kamar tawul, da ɗan duhu a tsakiya wanda zai iya zama kai.

Iyatu ta karɓi wayar ta kawo ta dab da idonta, ta nisanta, ta karkata ta wajen haske.

"Goshinka ta ɗauko, Malam," ta ce.

"Ina kika ga goshi nan?"

"Ga shi nan. Matso ka gani."

Ya matso kan bencin, kafaɗarsa na gogar tata. Suka zauna suna kallo har ladanin masallacin bakin kasuwa ya kira azahar.