Rawanin Baba a Titin Umbadda

Ban taɓa sanin fita daga ƙasa ta fi shiga wuya ba, sai da na gwada.

Sunana Samah. A Umbadda, wata unguwa a Omdurman ta ƙasar Sudan, aka haife ni, nan ma aka haifi mahaifina, Malam Salih. Kakanmu ne ya taso daga Haɗejiya a ƙafa da niyyar Makka, ya iso Omdurman ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan har ya koma ga Allah. Ina ƙarama Baba ya kai mu Haɗejiya ganin dangi, ya dage sai da aka yi mana fasfon Najeriya, ya dawo yana nuna wa maƙwabta kamar wanda ya sayo sabuwar mota.

Ana nan na girma, na ci jarrabawar shiga makarantar da ake koyon ba jiragen sama hanya. Tun ina yarinya nake hawa rufin ɗaki ina bin su da ido. Sai dai makarantar ta kafa sharaɗi: ba ta ɗaukar mai ƙasa biyu. Ko in kawo shaidar na ajiye ɗaya kafin a rufe rajista gab da Sallah, ko a ba wani gurbina.

Ranar da na gaya wa Baba, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi mini, da ya fi sauƙi. Ya kalle ni, ya ce, "Wato kin fita daga cikinmu ke nan." Tun daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango.

Na danne zuciyata na bi abin. Daga can ƙasar kakanni takardar ajiye zama 'yar Najeriya ta iso, bayan na sha jira. Saura abu ɗaya: wani ofishi a Khartoum ya sa hannu ya buga hatimi cewa an shaida. Mai sa hannun shi ne Ustaz Rashid, wani dogo mai tabarau da murmushin da ba ya ƙarewa. Wallahi da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutumin kirki ne, yana ba ni kujera, yana tambayar lafiyar mutan gida, sannan ya ce, "Bukra, in sha Allah." Wato gobe.

Goben nan na sha ta har ta ishe ni. In na tsallaka gada da sassafe, a ce ya tafi karin kumallo. In na jira, ya dawo ya ce hatimin yana wajen mataimakinsa, mataimakin kuma ya tafi ta'aziyya. Ban san dangi nawa bawan Allahn nan yake da su ba, amma a 'yan watannin nan ya binne rabin mutanen garinsu, Bahri. Wata rana an samu hatimi, babu tawada. Wata rana akwai tawada, aka ɗauke wuta, Ustaz ya ce ba ya sa hannu a duhu, alhali rana tana dukan teburinsa.

Haka azumi ya kama. Ran da na je da ƙishirwa kamar in faɗi, na tarar yana tattara makullai.

"Malesh, yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Ramadan karim. Hajiyata, wato mahaifiyata, na bayan Umbadda, can nake shan ruwa kullum, kin kuma san cunkoson gada. Mu bari sai bayan Idi."

"Ya Ustaz, kafin Idi ake rufe rajista!"

"Allah karim," ya ce, ya shige farar ƙaramar motarsa mai lotsattsen baya.

Na iso gida na jefar da jaka a tsakar gida, na fashe da kuka. Ba kukan tausayi ba, kukan baƙin ciki, irin wanda mutum ke yi yana masifa. Na zazzage wa Inna komai, har maganar hajiyarsa da motarsa. Na ce na haƙura, su riƙe ƙasashensu duka biyun.

Ban san Baba na zaune a zaure ba. Sai na ji muryarsa, karon farko da ya fara yi mini magana tun wancan lokacin.

"Motar tasa wace iri ce?"

A unguwarmu, kamar ko'ina a nan, maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Tabarmi ake shimfiɗawa a bakin titi, kowane gida ya fito da farantinsa, kuma duk wanda magariba ta riska a hanya ba shi da ta cewa, tsayar da shi ake yi ya sauko ya ci. Gidanmu a kan babban titin da ke bi ta yamma yake.

Washegari da yamma ina leƙe ta ƙofa, sai na ga Baba ya kwance rawaninsa. Ya riƙe gefe ɗaya, maƙwabcinmu Haliru mai walda ya riƙe ɗayan, suka tsallaka titi suka ja shi ya miƙe. Motoci biyu suka zo, suka ɗaga musu suka wuce don da sauran lokaci. Farar mota mai lotsattsen baya ta iso, rawani bai ɗaga ba.

"Tafaddal, ya zol! Bisimilla, bawan Allah, sauko!" in ji Baba.

Ustaz Rashid ya leƙo yana murmushin nan nasa. "Allah ya saka, ya Hajj. Gida kusa ne, hajiyata na jira."

"Na rantse da igiyar aurena, ba ka wucewa sai ka sha ruwa a nan!"

Inna da ke bayana tana tuƙa asida ta saki muciya. "Ka ji mini mutum! Aurena ne abin tare hanya?"

Wa zai so a ce shi ya kashe auren dattijo? Ustaz ya sauko. Aka ba shi dabino da hilumur, jan abin shan nan namu na azumi. Ya yunƙura zai tashi, aka ce salla tukuna. Bayan salla ga asida da miyar kuɓewa. Ya wanke hannu, aka ce shayi na kan wuta. Bayan shayi, gahawa. Da ya samu ya kai ga motarsa, sai ya tarar keken jakin mai ruwa ya tare ta, mai jakin kuma an ce ya je nan baya, yanzu zai dawo. Baba bai ce masa uffan a kan takarda ba.

Kashegari ma haka. Auren Inna ya sake hawa titi, Ustaz ya sake saukowa. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya sauya hanya ya bi ta lungun bayan kasuwa. Bai san limamin lungun abokin karatun Baba ba ne. Can ma rawani ya samu, liman da kansa ya shigo motar ya rako shi har tabarmarmu, ya ce baƙon Malam Salih ba ya cin abincin wani. Inna kuwa ta ɗauki kwanon asida ta aika wa hajiyarsa, don kada tsohuwa ta yi ta jira da yunwa.

A yammacin nan ne Baba ya ɗaga murya. "Samah! Kawo gahawa."

Mace ba ta zuwa tabarmar maza, amma na fito, na durƙusa na ajiye tire. Ustaz ya ɗago ya gan ni, murmushin ya tsaya cak a fuskarsa. Ya dubi Baba, ya dubi rawanin da ke ninke a gefe. Haliru ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"'Yata ce," in ji Baba. "Sha gahawarka. Azumi da saura, mu kuma kullum muna nan."

Ustaz ya cire tabarau ya goge. Da ya buɗe baki, muryar ba irin ta ofis ba ce. "Ya Hajj, gaskiya zan gaya maka. Ban taɓa sa hannu a irin takardar nan ba. Tsoro nake kada wata rana a ce na yi kuskure."

"Ni ma ban taɓa ba," Baba ya ce. "Ubana a ƙafa ya zo da sunan garinsu. Ni na je na yi mata fasfon nan da hannuna, ina murna. Kana ganin daɗi nake ji? Amma yarinya ta yi karatu, ta ci. Idan ni na iya sakinta, kai mene ne naka na riƙewa?"

Na koma ciki da sauri don kada maza su ga hawayena.

Da safe ina isa ofis na tarar da hatimi, ga tawada, ga mataimaki da ransa da lafiyarsa, babu wanda ya mutu a Bahri. Ustaz ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya yi bisimilla, ya sa hannu. Ƙarar hatimin nan a kan tebur, ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Na fito ina dariya ni kaɗai a titi, masu sayar da lemo suna kallona kamar sabon kamu.

A bakin ƙofa na ga Baba tsaye cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ashe bayana ya biyo. Bai karɓi takardar ba, bai ma dube ta ba. Ya tare mana mota, ya ce wa direba makarantar jiragen sama.

Layin rajista ba tsawo. Matar da ke teburin ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki biro.

"Ƙasa?"

"Sudan," na ce.

"Ita kaɗai?"

Kafin in buɗe baki, Baba ya amsa daga bayana, da ƙarfi har mutanen layi suka waiwayo.

"Ita kaɗai. Rubuta."