Odar Zabo a Tashar Dapaong

Ranar da labari ya zo cewa an tura Raihana aikin ungozoma a Dapaong, kowa a gidan ya yi murna ban da ubanta. Fuseni ya ce Allah ya sa albarka, sannan ya fita ya zauna a bencin ƙofar gida, yana kallon masu wucewa a titin Didaure ba tare da ya ga kowa ba.

Matarsa Zenabu ta same shi a nan.

"Maigida, mutane na shigowa barka, kai kuma ka zauna kamar an yi maka sata."

"A ina za ta kwana?"

"Za ta kama haya kamar kowa."

"Haya wurin wa? Wa zai san ta dawo, wa zai san ba ta dawo ba? Kina dai jin abin da rediyo ke faɗa kan can wajen iyaka."

Zenabu ta san halinsa. Mutum ne da idan ruwan sama ya sauko sai ya ƙirga yaransa, har da wanda ke zaune a gabansa. Ranar Litinin ake son Raihana ta kama aiki, in ba ta je ba a ba wata. Shi kuwa ya rantse ba za ta kwana a garin ba sai ya ga ɗakin da idonsa, ya kuma san hannun da zai bar ta a ciki. In bai samu ba, tare za su dawo Sokode, aikin ya tafi.

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai: Wahabu, abokin tuƙinsa a kamfanin Zabo.

Kamfanin na Alhaji Agoro ne, amma ba mai kiransa da sunan Alhaji. A ƙofar kowace mota an zana zabo da fenti, don da kwandon zabi Alhaji ya fara fatauci, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Fuseni ya shiga yana saurayi, ya fita da furfura. Su hau arewa da doya da gishiri da siminti, su sauko da gyaɗa da albasa da shanu. Da Alhaji ya rasu magada suka sayar da motocin, direbobi suka watse. Fuseni ya buɗe rumfar tsofaffin tayoyi a unguwar Kpangalam. Wahabu ya zauna a Dapaong, kuma a lokacin ba kowa ke da waya ba, sai zumuncin ya yanke.

Ranar Asabar suka shiga bas, shi da Raihana, da akwatinta, da ɗaurin doya na tsaraba. Tun kafin su bar gari ya fara koya wa direba tuƙi daga kujerar baya.

"Baba, ka bar shi mana. Ba ya ma jin ka."

"Shi ya sa nake faɗa da ƙarfi."

Da suka kai hawan Alejo sai bakinsa ya buɗe. Ya nuna mata inda motar Mahama, wani direban Zabo, ta taɓa ƙin hawa da lodin siminti, har suka sauke rabi a kafaɗa, Mahama na zagin motar da Kotokolanci yana ba ta haƙuri da Hausa. Bayan Kara ya nuna mata inda wani bijimi ya tsallake daga bodi ya bi kasuwa, Wahabu na bin sa da takalmi ɗaya. Ya ce a zamaninsu duk motar Zabo tana da oda iri biyu. In ka iso gari lafiya, sai ka danna gajeru a jere kamar kukan zabo, mai abinci ta ɗora tukunya, 'yan dako su taso. In kuwa mota ta lalace ko wani abu ya same ka, sai ka ja doguwa ka katse, ka ja doguwa ka katse. Duk ɗan Zabo da ya ji wannan, ko aski ake yi masa, dole ya tashi.

Raihana ta yi dariya. Ba ta taɓa jin ubanta ya yi magana mai tsawo haka babu "ki kula" a ciki ba.

Da la'asar suka sauka a Dapaong. Fuseni ya ɗora doya a ka, ya ce ta biyo shi, ya san hanya ko ido rufe. Ya kai ta daidai inda filin kamfanin yake a bayan tasha. Babu fili. Shagunan waya ne a jere, da wurin wankin babura. Ya tambayi mai shagon farko Wahabu direba, bai san shi ba. Na biyu ya ce Wahabu uku ya sani, dukansu samari. Mai wankin babur ya ce kamfanin Zabo na sayar da ƙwai ne?

Fuseni ya sauke doyar. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, akwai wata da muka yi makaranta tare," in ji Raihana. "Zan iya kiran ta, in kwana wurinta kafin..."

"Ban san ta ba."

"Ni na san ta."

"Ban san ubanta ba."

Ta zauna kan akwatinta. Ya ga yadda ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Shekarun da ta yi tana karatu ne zai mayar da su Sokode a bas.

Can gefe wata babbar mota na sauke albasa. Fuseni ya tsaya yana kallonta, sannan ya nufi direban, wani ƙaƙƙarfa mai suna Ridwan da ke shan rake a inuwar taya. Ya gaishe shi, ya ce shi ma tsohon direba ne, yana roƙon a ara masa oda.

"Oda? Motar fa?"

"Riƙe motarka. Odar kawai."

Ridwan ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da ɓawon rake, ya buɗe masa ƙofa. Fuseni ya hau da ƙyar, gwiwa na ƙara. Warin gas da zafin kujera suka buge shi. Ya yi bisimilla ya danna. Ya sake, ya sake, har masu talla suka toshe kunne, wani akuya ya tsinke igiya.

Ya sauko. Ba abin da ya faru, sai mutane da ke kallonsa. Raihana ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai ga wani tsoho baƙi siriri ya ɓullo daga layin makanikai, yana tura baro da gudu, jak da sarƙa na tsalle a ciki.

"Ina motan? Wa ya faɗi?"

Kombate ne, makaniken kamfanin, ɗan ƙabilar Moba da ya koyi Hausarsa a ƙarƙashin mota. Bai gama tsayawa ba sai ga Mahama daga wajen masallaci, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, da igiya a hannu. Bayansa wani babur ɗan haya ya taka birki, wani mai tumbi ya sauko riƙe da sifana, rabin kansa a aske, rabin da kumfar sabulu.

Fuseni ya buɗe baki. "Wahabu."

Wahabu ya tsaya. Ya dubi motar albasa lafiyarta ƙalau, ya dubi Fuseni.

"Kai ne? Ina hatsarin?"

"Wane hatsari? Na ce na iso ne."

"Ka iso? Doguwa ka ja, tsohon banza. Doguwa ka katse. Na bar wanzami da aska a hannu."

Sai a lokacin Fuseni ya gane abin da hannunsa ya yi. Mahama ya fara dariya har ya zauna kan buhun albasa. Kombate ya jefar da sarƙa ya rungumi Fuseni, yana dukan bayansa da hannu mai baƙin mai. Wahabu ya ce ba zai rungumi kowa ba sai an biya shi rabin askinsa, sannan ya rungume shi ya shafa masa kumfa a kunne. Wani jandarma ya zo tambayar dalilin hayaniya, ya tarar da tsofaffi huɗu na share hawaye, ya girgiza kai ya koma.

Ta ƙarshe da ta iso ita ce Fulera, wadda ta ciyar da direbobin Zabo tun tana amarya. Tafiya take a hankali saboda ƙafa, da kwanon shinkafa da wake a ka.

"Na ce ko wane ne, in ya mutu a yi sadaka da shi, in yana da rai ya ci," ta ce. "Ashe Fuseni ne. To, ba mamaki."

Suka zauna a rumfarta a bakin tasha. Kombate ya ƙura wa Raihana ido.

"Yarinyan nan ɗanka ne? Ya fi ka kyau. Allah ya taimake shi."

Aka ci, aka tuna wanda ya rasu aka yi masa addu'a, aka tuna wanda ya yi kuɗi aka zage shi. Da aka tado zancen simintin Alejo Mahama ya musanta, ya ce motar Fuseni ce. Sai da kwano ya koma wayam Fuseni ya faɗi abin da ya kawo shi.

Wahabu ya bugi ƙirji, ya ce gidansa gidanta ne. Fuseni ya tambayi su wa ke gidan. Samari biyar, in ji Wahabu, duk nasa, kuma gidan na can hanyar Tanjuware. Fuseni ya ce da nisa. Kombate ya ce yana da ɗaki, sabon kwano, kusa da asibiti. Fuseni ya tambayi katanga. Babu katanga, amma akwai karnuka. Fuseni ya ce Raihana na tsoron kare, abin da ita kanta ba ta taɓa sani ba. Mahama ya ce nasa gidan da katanga da rijiya. Fuseni ya tambaya ko rijiyar na da murfi.

"To ka saka ta a aljihu ka koma da ita," in ji Wahabu. "Haka kake tun da. Mota na tafiya lafiya sai ka tsaya ka duba me ya sa ba ta ƙara."

Fulera ba ta sa baki ba. Tun ɗazu ita da Raihana suna wanke kwanoni a baya suna magana ƙasa-ƙasa. Ta fito tana goge hannu a zane.

"Mun gama. Ɗakin da 'yata ta bari za ta zauna, ƙofarsa na kallon tawa."

"Ai ban gani ba tukuna."

"Ba kai na ba wa ba, ita na ba." Ta juya ga Raihana. "Kin san ranar da aka haife ki ubanki yana nan garin? Wani direba ya kawo labari. Ya bar mota cike da gishiri a tsakiyar fili zai bi hanya da ƙafa. Ni na tsayar da shi, na cika masa gwangwani da man kaɗe na ce ya kai wa mai jego. Man da aka fara shafa miki daga hannun nan ya fito."

Fuseni ya tuna gwangwanin. Ya tuna yadda ya riƙe shi a cinya har Sokode, man na narkewa yana bin wandonsa.

Duk da haka sai da ya je ya gani. Gidan na bayan rumfar, tafiya kaɗan. Ya girgiza ƙofar ɗakin, ya sa sakata ya cire, ya tura taga da kafaɗa, ya ɗaga kai yana neman inda rana ke shigowa ta kwano. Tsofaffin na tsaye a tsakar gida suna ba shi shawara ya duba iskar tayoyin gadon. Ya fito ya tsaya gaban Fulera, ya rasa abin da zai ce ya gani.

"Aikin dare fa?" ya ce a ƙarshe. "In an kira ta haihuwa?"

"Maƙwabciyata a can take aiki, tare za su riƙa tafiya. Sauran kuma na Allah ne, Fuseni. Kai ma da kake hawan Alejo da birkin Kombate, uwarka ba ta bi ka ba."

"Birkina bai taɓa kashe kowa ba," in ji Kombate.

Fuseni ya dubi Raihana. Ta riga ta shigar da akwatinta, tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran bakinsa. Ya ɗauko ɗaurin doyar da ya yi niyyar kai wa Wahabu, ya ajiye a ƙofar Fulera.

"Ga ta nan, Yaya Fulera. Amana."

"Na karɓa."

"Doyata ce fa wannan," in ji Wahabu.

Ranar Litinin da sassafe Fuseni ya taso daga gidan Wahabu don ya raka ta asibiti. Ya tarar ta riga ta tafi ita da maƙwabciyar. Ya tsaya a bakin titi yana leƙen hanyar da ta bi, ya tambaya ko ta karya, aka ce ta karya. Ya tambaya ko ta ɗauki ruwa. Fulera ta miƙa masa kofin koko ta nuna masa benci, inda Mahama da Kombate suka riga suka fara gardama kan wanda ya fi tsufa a kamfani.

Wayarsa ta yi ƙara. Zenabu ce.

"Ta kama aiki," ya ce. "An samu wuri mai kyau. Ni na zaɓa."

Fulera ta yi tsaki daga bakin murhu.

"Alhamdu lillahi," in ji Zenabu. "To yau za ka taso?"

Fuseni ya dubi benci. Wahabu ya iso, yana matsa masa wuri, yana cewa a bar gardamar sai Fuseni ya zauna don shi ne zai yi shaida.

"Gobe," ya ce. "Ko jibi. Akwai 'yar magana da ba mu gama ba."