Kod ɗin da Baki Ba Ya Faɗa

Tun da Hamani ya kafa akwatin wifi a kan taga ya koma hanya da babbar motarsa, abu ɗaya matarsa Madina ke nema a wurin akwatin: ta ga fuskar 'yarta ta fari da ke aure a Kotonu. Cikin yarinyar ya tsufa, ga kan iyaka yau buɗe gobe rufe, babu halin ta zo Gaya goyon ciki. Da farko hoto na fitowa tar. Daga baya sai fuska ta riƙa sandarewa baki buɗe, murya na zuwa a gutsuttsure.

Hamani ya ce mata ta waya aikin masu kutse ne, irin waɗanda ake labari a tasha, masu shiga akwatin mutane su kwashe hotuna da muryoyi. Madina ba ta ji tsoro ba kamar yadda ta ji mamaki. Abin da bai kai kwanon sha ba, ta ina ƙato zai shiga? Ta ɗaga shi ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta kara kunne. Ta lulluɓe shi da zane, har ta kai shi ƙuryar ɗaki ta sa kwaɗo, abin ya ƙara lalacewa.

Sai ta aika aka kira Firdausi, 'yar ƙanwarta mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Firdausi ta yi 'yan danne-danne, ta ce wayoyin da ke shan rezon gidan, wato intanet ɗin akwatin, sun fi kajin gidan yawa. Ta tambaya ko an taɓa ba wani kod, wato kalmar sirrin shiga akwatin.

Madina ta ce Allah ya kiyaye, ba kowa. Sai dai Ladi maƙwabciya. Da direbobin da ke jiran a buɗe gadar kan iyaka a gindin darbejiya, su kuwa baƙi ne, wanda ka ba ruwa ai ba ka hana shi kod. Da mai kifin da ke zuwa daga bakin kogi. Da matan da suka zo unguwar barka daga garin Bengu.

"Inna, ba wanda ya haura katanga," in ji Firdausi. "Ke ce ƙofar."

Ta san ko ta canza kod ɗin sau goma, kafin la'asar ya zaga unguwa, don Madina ba ta iya cewa a'a ba. Sai ta yi murmushin mugunta, ta sa sunan 'yar farin Madina a matsayin sabon kod, ta ƙara shekarar haihuwarta a baya. Kowa ya san Madina ba ta taɓa kama wannan suna ba tun ranar suna. "Ta Kotonu" take cewa, ko "waccan". Firdausi ta faɗa mata sabon kod ɗin a kunne, Madina ta kai mata duka tana cewa ja'ira marar kunya.

Dabarar kuwa ta ci. Duk wanda ya zo tambaya, sai Madina ta buɗe baki ta rufe, ta kawo masa ruwa. Direbobi suka ce Hajiya ta koyi rowa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma hoto ya dawo tar.

Wata hantsi tana wanki, surukinta na Kotonu ya kira ya ce an tafi da yarinyar asibiti, naƙuda ta zo da gardama, tana ta kiran uwarta. Wayar ta suɓuce daga jiƙaƙƙen hannun Madina, ta faɗa cikin bahon kumfa. Firdausi kuma ta tafi biki garin Bana.

Ta leƙa katanga ta kira Ladi. Ladi ta zo da wayarta, amma babu forfe a ciki, wato data, sai dai a hau wifi ɗin gidan. Madina ba ta iya rubutun boko ba, balle ta danna da kanta.

"Yaya, faɗa mini kod ɗin."

"Sunan waccan ne."

"Wace waccan? 'Ya'yanki mata huɗu ne, kuma ni na zo unguwar nan bayan an kai ta. Ta Kotonu kawai na sani."

Madina ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa ko akwai mai ji. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

"Zuhura," ta ce, sannan ta faɗi shekarar. Ladi ta danna, ta kira surukin.

Ba ta taɓa sanin sunan yana da daɗi haka a baki ba. Hawaye suka zubo mata tun kafin kiran ya shiga. Da fuskar ta bayyana, a galabaice, jiƙe da gumi, yarinyar ta ce, "Inna, ina jin tsoro."

Madina ta karɓe wayar da hannu biyu, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Zuhura," ta ce, "ga ni nan. Dube ni."