Igiyar Guga Ta Gaza

Baban Tobiya, mijina, Jemima ce ta fara gaya min, jikarmu ta jami'a. Wai wandon jins guda ɗaya, tun daga gonar auduga har ya zo jikin mutum, yana shan ruwa jarka ɗari uku. Ɗari uku... Na ce ke tafi can, wando baki gare shi? Ta nuna min takardar da malaminsu ya ba su, kowa ya auna ruwan da yake ci ba tare da ya gani ba. Shinkafa, nama, sutura. Sawun ruwa, in ji ta. Ruwa da sawu?

Ga ni zaune a bakin rijiyarka, igiya a cinyata. Gugan ba ya kaiwa. Tun Janairu yake dawowa a bushe, yana lilo kamar mai jin kunya... kai da ka haƙa ta gaba tara, da hannunka, shekarar da muka sauko daga Kona. Ka fito jajir da laka, ka ce Lois, ko jikokinmu ba za su ga ƙarshenta ba. To ga jikarka tana gani. Kai kana kwance a maƙabartar coci, ba ruwanka.

Gobe Tobiya zai kawo tifar yashi. Mama, ramin banza ne yanzu, wani zai faɗa. A cike. Haka ya ce, bai ko zauna ba.

Injin jan ruwan can ya sake tashi. Gidan hayar ɗalibai, bayan katangarmu — ɗaki ashirin da huɗu, bohol ɗaya, ya sha ƙarƙashinmu. Tankinsu ya cika yana ta zuba a lungu, ba mai kashewa. Ledar fiya wata, a kurɓa biyu a yar. Wanka safe, wanka yamma, famfo a buɗe ana waya... Wata uku ina zaginsu a zuci. 'Ya'yan wasu, marasa tarbiyya.

'Ya'yan wasu?

Jemima wando bakwai gare ta. Ni na wanke su, na sani. Uku ni na sayo a gwanjo, don kada ƙawaye su raina min ita. Ni, Lois, da nake sa ruwa aiki uku — na ɗaurayar kaya ya goge daɓe, na daɓe ya tafi gindin gwanda. Ranar da ta kawo ƙawarta Vivian, ta gan ni ina juye ruwan wankin shinkafa a kan yakuwa. Kaka, don Allah ki daina, abin kunya ne. Na daina. A gaban baƙuwa na watsar da shi a kwata, ina murmushi. Wa ya koya mata zubarwa, in ba wadda ta zubar don ta faranta mata ba?

Jiya tana karanta min takardar. Kaka, sawun ruwana ya fi na kowa a ajinmu. Ban rungume ta ba. Na ce to sai ki sha wandunan. Bakina... ka san shi. Ta shige ɗaki. Biyu daga cikin wandunan ta jefa a kwandon shara, wai sun tsufa, gwiwa ta fashe. Tsufa! Zanen da nake ɗaure da shi ya girme ta.

Ko ruwan yana nan, ya dai ja ƙasa ne? Gaba ɗaya, gaba biyu... wa ya sani? Hannuna ba ya jan komai yanzu. Na gaji, Baban Tobiya.

Da gari ya waye na ciro wandunan nan biyu daga shara. Na yayyanka su da reza, na tufka, na ƙulla a bakin igiyarka. Kun sha jarka ɗari shida, na ce musu, ku sauka ku dawo min da guga ɗaya. Jemima ta fito, ta riƙe min ƙarshen. Muna saki... muna saki... na kasa kunne.

A ƙofar gida tifa tana hon.