Ranar da Muka Bar Idon Auta a Buɗe

Yayana bai taɓa haihuwa ba, amma yana da Auta. Wani ɗan tauraron ɗan'adam ne da bai fi akwatin kaya girma ba, kuma Yaya ne ya ƙera masa na'urar awo tun kansa bai yi furfura ba. Aikin Auta shi ne ratsa ɗamarar ƙwayoyin lantarki da maganaɗisun duniya ya ɗaure a sama, yana auna yawansu. Ni kuwa nake zama a ɗakin sarrafawa, ina aika masa umarni idan ya gifta saman eriyarmu.

Ranar da guguwar rana ta bugo, wato feshin ƙwayoyin da rana kan watso, ƙa'idar aikinmu a fili take: a kashe na'urar, tauraron ya yi lamo har abin ya lafa. Ba wanda ya san halin ɗamarar nan. Wata guguwar ta share ta tas, wata ta cika ta da ƙwayoyi masu ƙone kayan lantarki, wata kuma ta wuce kamar ba a yi ba.

Yaya ya faɗo ɗakin ko sallama babu, ya tsaya a bayan kujerata yana haki.

"Kar ki kashe."

"Yaya, ƙa'ida ce fa."

"Ni na rubuta ƙa'idar! Dubi allo, guguwar ta kwashe ɗamarar. Bayan irin wannan guguwa ba ta sake cika, lissafina ya nuna. Kullum abin zai faru sai mu rufe masa ido, mu dawo muna cewa ba mu sani ba."

"In ta cika fa?"

"Ba za ta cika ba."

Auta ya riga ya ɓullo, kuma ba ya daɗewa a samanmu. Yatsana na kan maɓallin kashewa. Haushi ya kama ni, don a ɗakin nan ni ce da magana, ba shi ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Don Allah, ƙanwata." Mutumin da ya riƙa goya ni zuwa makaranta, bai taɓa roƙona komai ba. Na janye hannuna, Auta ya faɗa bayan duniya ido buɗe.

Washegari ɗamara wayam. Yaya har da saya wa kowa shayi, shi da ko biro ba ya ba da aro. Ana cikin sha ne Auta ya ɓullo, alƙaluman yawan ƙwayoyi a allo suka fara hawa kamar madara a kan wuta. Na aika umarnin kashewa, na sake aikawa, amsa ba ta zo ba. Da lokacin giftawarsa na gaba ya yi, eriya ta bi sama daga wannan gefe zuwa wancan, shiru kake ji.

Amma awon ƙarshe ya iso cif. Yaya ya zauna yana bin sa layi-layi, shayinsa ya huce a gefe. Can ya cire tabarau.

"Ya gani. Yaron nan ya ga komai."

"Me ya gani, Yaya?"

"Ya ga lissafina ba daidai ba ne." Ya goge ido da bayan hannu. "Sake kira min shi."

Na san ba zai amsa ba. Na kira.